Awa 48: abin da ke wuyan maigida in yaron aikinsa ya ji rauni



Gero ya shiga rumbu, kuɗin 'yan ci-rani sun fara sauka, lokacin aiki ya buɗe. Duk inda ka waiga a Tawa gini ake, ana buga bulo, ana zuba dakali, ana ɗora kwano. A ƙauyuka ana yasar rijiyoyi ana haƙa sababbi, masu lambu sun koma fadama, injin niƙa ba ya hutawa, manyan motoci na jiran 'yan dako. To lokacin nan ne kuma ake yawan jin labarin da ba a so: wane ya faɗo daga saman gini, bel ɗin inji ya kama hannun wane, rijiya ta rufta da wane, tartsatsin walda ya shiga idon yaron wane. Kowa a cikinmu ya san aƙalla mutum guda mai guntun yatsa ko mai ɗingishi wanda ya samo abinsa wurin neman na tuwo.

Yau maganarmu da iyayen gida ce, masu ɗaukar mutane aiki. Alhaji mai gidan burodi, ɗan kwangila, mai gareji, mai inji, mai mota. Ba faɗa muka zo yi ba, amma akwai abin da ya kamata a faɗa a fili.

Mun san yadda ake yi in tsautsayi ya auku. A ɗora mutum a babur a kai shi wurin mai ɗori, ko CSI, in abin ya yi tsanani a wuce babban asibitin Tawa. Maigida ya biya takardar magani ta farko, wataƙila da ta biyu. Ya aika da tiya biyar ta gero da jika goma gidan, ya zo dubiya, a ce Allah ya sawwaƙe, kowa ya ce amin. Ba mu raina wannan ba. Da yawa daga iyayen gidanmu da zuciya ɗaya suke yi, wasu har bashi suke ci. Matsalar ita ce alherin maigida yana da iyaka, wata biyu ko uku ya gaji, ko aikin ya ƙare ya koma wani gari, shi kuwa hannun da ya guntule ba ya tsirowa. Bayan shekara biyar mutumin yana nan da mata da 'ya'ya, ba ya iya riƙe hauya, kuma babu wata takarda ko guda a duniya da ta nuna cewa a wurin aikin wane ya rasa hannunsa.

Takardar nan ce muke magana a kai.

Ƙasarmu tana da asusun kula da ma'aikata, CNSS, wanda mutane ke ce ma Kes. Tun 1965 anka kafa shi, kuma a shekarar nan ce anka fitar da dokar da ta tsara biyan diyyar haɗarin aiki da cututtukan da aiki ke jawowa. Dokar aiki da muke kai yanzu kuwa ta ranar 25 ga Satumba 2012 ce. Abin da ake nema ga maigida ba shi da yawa: in haɗari ya samu ma'aikacinsa, ya kai sanarwa cikin awa 48 ga ofishin sufeton aiki da kuma CNSS. Dukansu suna da ofis a Tawa, ba sai an je Yamai ba. A haɗa da takardar likita ta farko, wadda ta bayyana irin raunin da kwanakin da mutum zai yi ba aiki. Kuma ba sai abin ya faru cikin shago ko kan gini ba. Haɗarin da ya samu ma'aikaci a hanyarsa ta zuwa aiki ko ta komawa gida shi ma yana ciki, abin da yawancinmu ba mu sani ba ke nan, alhali babur ya fi komi karya mana mutane. In maigida ya ƙi kai sanarwa, wanda ya ji raunin ko magadansa suna da ikon kai maganar da kansu.

Me ake samu in an kai? Asusun ne ke ɗaukar kuɗin magani. Sannan yana biyan mai rauni rabin albashinsa na yini a kwana 28 na farko, daga rana ta 29 kuma kashi biyu bisa uku, har ya warke ko likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya. In ya bar nakasa, a auna ta a yanka masa kuɗin da zai riƙa karɓa. In rai ya yi halinsa, matarsa na da kashi 30 cikin 100 na albashin, in matan sun fi ɗaya su raba, marayu kuma suna da nasu kason.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce yaron aiki yana ɗaukar jika 60 a wata, wato kusan jika 2 a yini. Ya karye a ƙafa, ya yi wata uku kwance. Kwana 28 a kan jika guda-guda, sauran kwana 62 a kan faran 1,330 da 'yan kai, jimla ya haura jika 110, ban da magani. To kuɗin da maigida ke zubawa a asusu saboda haɗarin aiki kashi 1.75 ne cikin 100 na albashi. A kan jika 60, faran 1,050 ke nan a wata, jika guda da dala goma. Wane maigida ne a Adar zai ce jika guda da dala goma ta fi ƙarfinsa? Ko kuɗin shayin da ake dafawa a bakin shagonsa a mako sun fi haka.

Amma kada mu yi wa juna wayo. Mun san ba jika gudan nan ce ke hana mutane ba. Abin da ke hana su shi ne tun farko ba su yi wa yaran rajista ba. Mutum yana da yara takwas a gidan burodi shekara shida, ko guda ba shi da lamba a Kes. Ranar da tanda ta ƙona ɗaya, in ya kai sanarwa ya tona wa kansa asiri, za a tambaye shi bashin shekarun baya da tara. Sai ya zaɓi ya rufe bakin yaron da jika ashirin. Shi ma yaron ba ya son a kai, don yana tsoron in ya warke ya tarar an ba wani wurinsa, kuma a garinmu wanda ya kai ubangidansa gaban hukuma ba ya sake samun mai ɗaukarsa. Haka kowa ke yin shiru, maigida don aljihunsa, yaro don cikinsa.

Ga masu irin wannan tsoro, abin da za mu ce shi ne rashin rajista laifi guda ne, ɓoye haɗari kuma ya zama na biyu, kuma na biyun ne ke bin mutum. Rauni ba ya ɓoyuwa har abada. Ƙafar da anka ɗora a gida ta ruɓe bayan wata biyu, a yanke ta a asibiti, dangi su taso, magana ta kai gaban alƙali, a lokacin nan maigida shi kaɗai zai ɗauki abin da da asusu ne zai ɗauka. Wanda ya je da ƙafarsa ya ce ga abin da ya faru, ga yarana, a yi musu lamba, yana da bakin roƙon a sassauta masa biyan bashin kashi-kashi. Wanda anka jawo da sammaci ba shi da wannan bakin.

Akwai wasu kuma da ba su da uzuri ko kaɗan, su ne 'yan kwangilar ayyukan gwamnati da na ƙungiyoyi. Duk mai neman kwangilar gina aji ko ɗakin shan magani ko famfo ya san cikin takardun da ake nema akwai shaidar cewa ba shi da matsala da CNSS da ofishin aiki. Ke nan lambarsa tana nan, ya san ƙofar ofishin, ya san sunan mai gadi ma. Sai dai je ka wurin ginin ka ƙirga mutanen da ke ɗaukar kwanon siminti a kai, sannan ka tambaya nawa ne cikinsu sunansu ke takarda. Magini babba da direba da mai rubutu, wataƙila. Sauran leburori ne na yini, 'yan garin da ake ginin, waɗanda anka ɗauka don a ce an ba matasan gari aiki. Su ne ke hawa kan katakon da anka ɗaure da igiya, da silifas a ƙafa. In ɗaya ya faɗo sai ka ji an ce ai ba ma'aikacinmu ba ne, na yini ne. Doka ba ta ce sai mai albashin wata ba. Wanda ke aiki ƙarƙashin umarninka kana biyansa ma'aikacinka ne, ko da safiyar ranar ka ɗauke shi.

Sai maganar zumunta, wadda ita ce ta fi wuyar taɓawa a wajenmu. Yawancin yaran aikinmu ɗiyan 'yan uwa ne. Za ka ji mutum ya ce: "Ɗan ƙanena na, ni ka riƙon shi, mi za ya kai mu ga takarda? Sai ka ce baƙo." Uban yaron ma kunya ba za ta bar shi ya ce a rubuta ba. To amma takardar ba ƙarar kowa ba ce. Ba wai an kai kawu gaban hukuma ba, an buɗe wa yaron ƙofar kuɗin da ba daga aljihun kawu za su fito ba. Kawun nan ma mai mutuwa ne. Ranar da ya kwanta dama aka raba gado, 'ya'yansa ba su san wani alkawari ba, sai ɗan ƙanen ya wayi gari da hannu guda ba mai riƙonsa. Mun ga irin haka ba sau ɗaya ba, kuma zumuncin da anka ce ana tsarewa a nan yake watsewa.

Haka ma batun ƙaddara. Ba mai musun cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa yarda da ƙaddara tana goge haƙƙin wani ba, kuma maganar diyya ba Nasara ne sunka kawo mana ita ba, mun san ta tun kafin su zo. Wanda ya ce Allah ya kawo, sannan ya juya baya ga marayu, ya ɗauki rabin karatun ya bar rabi.

Rauni dai ana ganinsa, jini ya zuba, akwai shaidu. Cuta ce babbar matsala, don ita ba ta da ranar da ta faru. Mutumin da ya shekara goma yana sauke buhunan siminti, ko yana fasa dutse, ko yana tonon farar ƙasar da ake kai wa masana'antar siminti ta Malbaza, ko yana cikin ƙurar injin niƙa daga asuba zuwa magariba, tari ne ke fara masa a hankali. A ce sanyi ne, a ce tarin fuka ne, a sha magani, a koma. Mai fesa maganin ƙwari a lambun albasa ba safar hannu ba abin rufe hanci, kansa na ciwo, idonsa na ruwa, a ce rana ce. Mai walda ido ya dushe yana ɗan shekara arba'in. Mai kula da inji kunne ya toshe. Doka ta san da cututtukan aiki, akwai jerinsu, kuma ana biyan diyyarsu kamar haɗari. Amma kafin a biya sai an nuna cewa mutum ya yi aikin, a wuri kaza, shekara kaza. Wanda ba a taɓa rubuta sunansa ba, da me zai nuna?

Mu Adarawa ba sai an ba mu labarin Arlit ba. Hanyar yuraniyom daga Tawa ta tashi, kuma mutanenmu da dama sun ci ƙuruciyarsu can, wasu a kamfanonin, wasu wajen 'yan kwangilar da ke musu aiki. Akwai wata shari'a da ya kamata mu sani. Wani Bafaranshe mai suna Serge Venel ya yi aiki a Cominak daga 1978 zuwa 1985, ya rasu a 2009 da ciwon dajin huhu. Iyalinsa sunka kai ƙara a Faransa, a 2012 wata kotu ta ɗora wa kamfanin Areva alhaki, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin bisa cewa ba Areva ce ta ɗauke shi aiki kai tsaye ba. Ba su ci nasara a ƙarshe ba, amma ku duba abin da ya ba su damar tsayawa gaban alƙali tun farko: akwai takardar shekarun aikinsa, akwai takardar likita da ta danganta cutar da aikin. Sannan ku duba abin da ya kada su, tambayar wane ne ainihin maigidan. Wannan Bature ke nan da lauyoyi. Da anka rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikatan 'yan kwangila sun yi ta kukan cewa ba a yi da su kamar yadda anka yi da ma'aikatan kamfanin ba, alhali ƙura guda sunka shaƙa. In haka ta faru a wurin da ke da ofisoshi da asibiti da rajista, ina ga yaron da ke aiki a kangon da ko allo babu?

Wuraren zinariya kuwa ba a magana. Tun da anka gano ta Jado da Cibarakaten a 2014, samarinmu ke tafiya. A watan Nuwamba 2021 rami ya rufta a Garin Liman, ƙaramar hukumar Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, mutum 18 sunka rasu. Duniya ta ji saboda sun mutu tare rana ɗaya. Waɗanda ke mutuwa ɗaya-ɗaya, da waɗanda ke dawowa gida da ƙirji a cushe su ƙarasa a ɗakin uwarsu, ba mai ƙirga su. Kuma can ma akwai maigida, ko da ba a kiransa haka: mai rami, wanda ke ba da abinci da kayan aiki ya ɗauki kaso mafi tsoka. Wasu masu ramukan 'yan nan ne, mun san su, suna dawowa da motoci. Kullum muna kukan yadda ake yi wa 'ya'yanmu a Libiya da Aljeriya da Abijan, mutum ya faɗo daga bene a sallame shi da kuɗin mota. Kukan gaskiya ne. Sai dai abin da muke yi wa ɗan maƙwabci a Tawa bai bambanta da shi sosai ba, illa mu muna zuwa dubiya.

Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin aiki, kuma mafi yawansu cuta ce ke kashe su, ba haɗari ba. Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniyoyinta na kare lafiyar ma'aikata a 2009. Amma lissafin da ke isa Yamai daga wajenmu na abin da anka kai ne kawai. In ba a kai ba, a takarda jihar Tawa lafiya lau take, ba mai faɗowa, ba mai tari, don haka ba dalilin turo sufeto ko sa doka kan katakon gini.

Yanzu ga inda iyayen gida ke da gaskiya, kuma dole a faɗa. Jika guda da dala goman da munka ambata ba ita kaɗai ake biya ba. In ka yi wa yaro rajista sai ka biya har da kason iyali da na fansho, duka kason maigida ya kai kashi 16.4 cikin 100, kusan jika goma a kan albashin jika 60, shi ma yaron a cire masa nasa. Ga ƙaramin mai gareji da wata rana ko mota guda ba ta shigo ba, wannan kuɗi ne. Mafi ƙarancin albashi ma da anka ɗaga zuwa faran 42,000 daga farkon 2024, yara nawa ne a shagunanmu ke ganinsa? An ɗinka rigar ne da awon ma'aikacin ofis mai albashin wata, mu kuwa aikinmu na yini ne da na kaka da na rani. Takardun da Faransanci suke, maigida bai yi lakkwal ba, yaro bai yi ba. Sannan wanda ya taɓa bin diyya ya san sawu nawa ake yi. Wannan gyaran na hukuma ne: a samo hanyar da mai yara uku zai biya kason haɗari da sauƙi, ko ta waya kamar yadda muke tura kuɗi, a bayyana dokar da Hausa da Tamajak da Fulatanci a rediyo, kuma ma'aikatan asusun su riƙa fitowa ranar Lahadi kasuwar Tawa da kasuwannin ƙauye, ba sai ranar 28 ga Afrilu a yi jawabi a ɗakin taro a watse ba.

Sai dai jiran wannan gyara ba zai hana maigida yin abin da ke hannunsa ba. Littafi na dala ashirin ya isa. A rubuta sunan kowane yaro da ranar da ya fara da abin da ake biyansa, ko da ajami ne. Ranar da wani ya ji rauni a rubuta rana da lokaci da wuri, da abin da yake yi, da sunan mutum biyu da sunka gani, a ɗauki hoto da waya. A fara kai shi likita ya ba da takarda kafin a wuce wurin mai ɗori, don ɗori ko ya yi kyau ba ya ba da shaida. Kada a ce wa likita a gida ya faɗi in a wurin aiki ne, ƙaryar nan guda ita ke kashe diyya gaba ɗaya. Kashegari a shiga Tawa da takardun. Mai ma'aikata goma ko fiye kuma doka ta ce ya kafa kwamitin tsaro da lafiya a wurin aikinsa, ba alfarma ba ce.

Ma'aikatan CSI, ku ma akwai naku. In an kawo muku mai rauni ko mai tsohon tari, ku tambaye shi aikin me yake yi, ku rubuta amsar a katinsa. Layi guda ne, amma wata rana shi kaɗai matarsa za ta samu ta nuna.

Ga hukumar ƙaramar hukumarmu ta Bambeye, da maƙwabtanmu na Kalfu da Afala da Barmu da Takanamat da Tebaram, roƙonmu guda ne kuma ba ya cin kuɗi. Duk kwangilar da za ku bayar bana, ku sa a cikin yarjejeniya cewa ɗan kwangila zai ajiye muku jerin sunayen duk wanda ke aiki a wurin, har da na yini, kuma duk haɗarin da ya faru zai kawo muku kwafin sanarwar da ya kai Tawa. Kafin a biya shi kason ƙarshe, a aika a tambayi maigarin wurin ko akwai wanda ya ji rauni a ginin. In akwai kuma ba takarda, a riƙe kuɗin sai ya kawo ta.